Kiran Gida

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyalinka, da fatan ƙafar matarka ta yi sauƙi. Gaisuwar ke nan, don ba ita ta sa na ture keken ɗinki na ɗauki biro ba. Sau tara ina kiran wayarka ba ka ɗauka. Tunda rubuta wasiƙa ce sana'arka a ofishin Sanata, to ga wasiƙa, in ga ko ita ma za ka ce ba ka gani ba.

Amsar da ofishinku ya aiko mini ta iso ranar Talata. An buga ta da kwamfuta, ga tambari, ga sa hannun Mai Girma, amma ban kai layi na uku ba na san kai ka rubuta. Wa ke cewa "alal haƙiƙa" sau uku a shafi ɗaya in ba kai ba? Ni na kama hannunka na koya maka rubutu a kan teburin yankan yadi, yau kuma ni ce "'yar mazaɓa mai daraja".

Ka rubuta cewa Sanata bai taɓa jefa ƙuri'ar adawa da ƙudirin masu fassara wa kurame ba. Na rufe shago na tafi laburare, na sa ma'aikaciyar ta fito mini da kundin zaman majalisa na ranar, na bi sunaye da yatsa. Masu e arba'in, masu a'a arba'in da biyu. Gaban sunan mutuminka an rubuta "bai halarta ba". Shafi ɗaya kafin nan, minti ashirin kacal, yana zaune ya jefa ƙuri'a a kan sauya wa wata gada suna. Wato ba ƙarya ka yi mini ba, wayo ka yi mini, kuma wallahi ya fi ƙaryar ciwo.

Ko ka manta, bari in tuna maka. 'Yata, wadda kai ka laƙaba wa Likita tun kafin zazzaɓi ya tafi da jinta, ta gama karatun aikin ɗakin gwajin jini ta fi kowa a ajinsu. Sau biyu tana cin jarrabawar lasisi ta rubutu, sau biyu ana kayar da ita a ta baka. Zaunar da ita ake yi gaban mutum uku, kowa da takunkumi a bakinsa, ko leɓe ba ta gani balle ta karanta, kuma ba a yarda mai fassara ya shiga ba. Wanda ya cika shekara ashirin da biyar ba ya sake zama. Watan bakwai za ta cika. Zama ɗaya ya rage mata, kuma ƙudirin nan ne kaɗai zai shigar mata da mai fassara.

Mutuminka ya zo makarantarsu bara waccan, ya dafa kanta, ya yi alkawari, kai ka ɗauki hoton. Ga fuskarta nan a kalandar da kuke rabawa, har a shagon mai askin layinmu na gan ta rataye. Tambaya ɗaya nake da ita, kuma ban son "alal haƙiƙa" a cikin amsar: ina ya tafi a cikin minti ashirin ɗin nan?

Ka gaida yara.
Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki, na kuma ji zafin da ke cikinta. Ina gaishe ki da Likita, Allah ya ba ta haƙuri. Wayar ba gudunki nake ba, aiki ne ya sha kaina.

Ina roƙonki ki dubi abin da idon adalci. A zango biyun da Sanata ya yi, shi ya tsaya aka yi wa asibitoci hanyar keken guragu. Ya goyi bayan hutun haihuwa, ya ƙi amincewa da rufe ƙananan makarantu, kuma duk wata uku yana zuwa mazaɓa ya saurari jama'a, abin da wanda ya gada bai yi ba ko sau ɗaya. Matsayinsa a kan masu buƙata ta musamman a rubuce yake, ni na tsara takardar. Ranar da kike magana, wani uzuri na gaggawa ne ya fitar da shi daga zaure, kafin ya dawo an gama. Hakan yana faruwa da kowa.

Ga labari mai daɗi. An sake gabatar da ƙudirin, za a kaɗa ƙuri'a ranar goma sha huɗu ga watan gobe. Kafin nan akwai taron sauraron jama'a ranar Asabar a ɗakin taron sakandare. Ki zo da Likita, zan ajiye muku kujera a gaba. Don Allah Yaya, ki rubuta tambayarki a katin da za a raba, kada ki miƙe ki yi magana. Kin san kanki.

Na gode, a huta lafiya.
Ƙanenki

*

Auta,

Salama da gaisuwa, ko da yake ka gan ni ranar Asabar ka kau da kai kamar mai bin bango.

Na rubuta tambayata a kati kamar yadda ka ce. Na ga Sakatarenku, mai gilashin nan a goshi, yana tsintar katunan yana ware su gida biyu, nawa ya shiga gidan da aka danne da kwalbar ruwa. Awa ɗaya da rabi muna zaune. An tambayi Mai Girma yadda yake samun lokacin hutu. An tambaye shi sirrin farin jininsa. Wani tsoho ya miƙe ya yi minti goma yana godiya a kan fitilar titi. Taron sauraron jama'a, ga kurame shida a layin gaba da kuka gayyato don hoto, ba a kawo musu mai fassara ba. Ni nake fassara musu da hannuna har kafaɗata ta riƙe.

To, na san kaina, na miƙe. Aka kashe lasifikar da ke kusa da ni, ni kuwa da muryar da nake kiran kwastoma daga tsallaken titi. Na karanto masa ranar da shafin da minti ashirin ɗin. Ya yi murmushin nan nasa, ya dafa ƙirji, ya ce a gaban mutum ɗari uku: "Baiwar Allah, in dai ina zaune a kujerata ranar, ƙuri'ata taku ce." Aka yi tafi. Ni ma, don wauta, sai da na ji sanyi a raina.

Amma kun manta da abu ɗaya. Kun zaunar da yarinyar da ta shekara ashirin tana karanta leɓen mutane taku huɗu daga teburinku. Ana cikin tafi, Mai Girma ya karkata ya tambayi Sakatare ko wace ce wannan. Likita ta ga amsar tiryan-tiryan, ta rubuta mini a bayan katinta. Cewa Sakatare ya yi: "Yayar mai kiran gida ce."

Ni ƙane ɗaya gare ni a ofishin nan. Mene ne kiran gida, kuma me ya sa ake kiranka da shi? Ka ba ni amsa da bakin da kake cin abinci a gidana, ba da bakin ofis ba.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ki. Wannan da hannuna na rubuta, a kan benci a bayan ofis, don kada ta bi ta kwamfutarsu.

Akwai ƙudirin da in Sanata ya ce e, manyan jam'iyya su yi fushi, in ya ce a'a, jama'a su yi fushi. A irin wannan, Sakatare yakan rubuta 'yar takarda, kalma uku: "Ana kiran gida." In an kusa kaɗa ƙuri'a, sai a ba wani ya shiga zaure ya miƙa masa. Ya karanta, ya ɓata fuska yadda kyamara za ta gani, ya fita da waya a kunne. Yakan zauna a ɗakin shan shayi har a gama. Babu wanda ya kira shi. Shekara huɗu ke nan ni ke kai takardar, don ni ne mai fuskar da ba a zargi.

Ranar nan ma ni na kai. Na rantse miki ban duba jadawali ba, ban san ƙudirin Likita ne ke gaba ba. Sai da na dawo tebur na ga allon sakamako. Da wasiƙarki ta zo ofis kuma, a kwandona ta faɗo, na zauna na amsa miki kamar ban san ki ba. Tun ranar ban iya kallon kalandar nan ba, na juya ta bango.

Masu hukumar lasisi ba sa son ƙudirin, sun ce zai ɓata musu tsari, kuma suna da kunnen shugaban jam'iyya. An riga an gaya mini ranar sha huɗu ma akwai kiran gida. Ki lura da maganarsa da kyau, cewa ya yi in yana zaune. Ni na san yadda yake fita, amma ban taɓa ganin abin da yake yi in an hana shi fita ba. Ki yafe mini.

Ƙanenki

*

Auta,

Na amsa gaisuwa don Allah ya ce a amsa.

Na karanta takardarka a tsaye, na ɓata wuyan rigar makaranta guda uku a jere, sai na kashe keke. Shekara huɗu! Yaran mutane nawa ka kai wa wannan takarda ba ka duba jadawali ba? Tawa ce kawai ta zo da fuskar da ka sani. Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba, raina bai kai nan ba tukuna.

Ga abin da za ka yi. Ranar sha huɗu, in sun ba ka takardar, ka sa ta a aljihu ka tsaya inda kake. Kada ka yi musu gardama, kada ka yi musu wa'azi, ka dai ƙi tafiya. Mutuminka ya faɗa a gaban mutum ɗari uku, an ɗauka a waya, yana yawo a gari. Mutumin da ke son tafi haka ba zai iya buɗe baki ya ce a'a da sunansa a kundi ba. Na san irinsu, kullum ina auna su, ƙirji ya fi zuciya faɗi.

Na san aikinka ne ke cikin haɗari, na san kana da yara uku. Ni ma ɗaya gare ni, kuma wata biyar ya rage mata. In ka kai takardar nan, kada ka sake tako ƙofar shagona.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa. Na so in kira ki, na kasa, gara ki gani a rubuce.

Sakatare ya ba ni takardar ƙarfe sha ɗaya da kwata. Na sa a aljihun gaba, na tsaya a bakin ƙofar zaure inda nake hango Sanata. Ya waigo sau ɗaya. Ya duba agogo ya sake waigowa, muka haɗa ido, ban motsa ba. Ya yunƙura zai tashi da kansa, sai ga magatakarda ya fara kiran sunaye, an rufe ƙofa, kyamara tana kansa. Shugaban jam'iyya yana layin gabansa, ya juyo da kujera gaba ɗaya yana kallonsa.

Sai da aka maimaita kiran sunansa. Sannan ya ce a'a.

Yaya, tun wancan zama ƙungiyar kurame ta shawo kan mutum ɗaya, wani daga cikin masu adawa kuma yana kwance a asibiti. Ban san lissafin ya matse haka ba, Sakatare ne ya sani. Masu e arba'in da ɗaya, masu a'a arba'in da ɗaya. Ƙa'idar majalisa, in an yi kunnen doki ƙudiri ya faɗi, kuma ba a sake kawo shi sai baɗi. Da na kai masa takardar, da arba'in da ɗaya ne da arba'in, da ya wuce.

Kafin azahar sun karɓe katin shigata. Wannan bai dame ni ba. Takardar tana nan a aljihuna, na rasa inda zan jefar da ita.

Ƙanenki

*

Auta,

Ina gaishe ka. Ka ci abinci, na san halinka.

Ni na sa ka, kuma ka yi abin da na ce. Sunansa ya shiga kundi da abin da ke ransa, zan buga shafin in manna a ƙofar shago, in bi duk inda kalandar nan take in manna a gefenta. Wannan fushin ina da shi har ranar zaɓe.

Amma Likita ba ta sani ba. Tun jiya take zaune a kan teburin yanka da littattafanta tana bita, in ta ɗago ta tambaye ni da ido, sai in nuna mata ba a gama ba. Sau uku ina ɗaga hannu zan gaya mata, hannun ya ƙi.

Ka zo gobe da safe, ƙofa a buɗe take. Ka tsaya inda haske yake, ka yi magana a hankali yadda za ta ga bakinka. Ka faɗi naka, ni kuma in faɗi nawa.

Yayarka