Gyaran da Na Yi wa Sikeli

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya gwiwar?

Kin tambayi aikina a ɗakin gwaji. Awo ne. Nakan auna farin yumɓu, in gauraya shi da wani gishiri wai shi fuloraid, in zuba a ɗan kasko, Dakta, wato shugabarmu, ta sa a tanda. Sunansa gishiri, amma sai da safar hannu ake taɓa shi. Gilashin da tururinsa ya bi kuwa dushewa yake, kamar ido mai yana.

Ga abin da ya ɗaure mini kai. In kasko ya huce na sake awo, sai in tarar ya ragu, bai kai ko nauyin yumɓun kaɗai ba. Yaya, ƙasa ce fa, ina za ta? Na duba daɓe, na kakkaɓe hannun riga, ban zubar ba. Kin tuna yadda Malam ya sa muka yi ta maimaita ayar masu tauye mudu. Sai na riƙa yin gyara, in ɗebo yumɓu a bakin cokali in cika, sannan in rubuta nauyin. Yau kwana huɗu.

A gaida kowa.
Ƙanwarki, Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa, Allah ya ƙara sauƙi.

Dakta ta wuni tana juya takarduna, ta ga awon bai fito yadda take tsammani ba, daga ƙarshe ta ɗora wa mai gyaran tanda laifi, za ta sallame shi. Bawan Allah bai san hawa ba, bai san sauka ba. Na rataya jakata, na je na faɗa mata gaskiya, ina jiran kora.

Sai ta ja ni bayan tanda, ta kwance bututun fitar hayaƙi. Wani farin gari ya manne a ciki. Wai da zafi ya kai, gishirin kan fizge ɓangaren yashi da ke cikin yumɓu, su tashi tare kamar hayaƙi, su sauka inda ke da sanyi. Ragin nan shi take nema tun farko, ni kuwa ina bin bayanta ina cikewa.

Ba ta kore ni ba, amma sai mun sake komai. Na roƙi mai gyaran tanda gafara, ya yafe, sai dai yanzu in na wuce yakan ce shi da ni duk masu gyara ne.

Gobe zan nemi izini in kankare garin bututun in auna, in ga ko zai cike ragin. Ashe a nan, Yaya, cikawa ita ce tauye mudu.

Don Allah kada maigida ya ji.
Taki har kullum, Auta