Buhun ƙyallayenmu ya daina cika

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Abin nan ya fi ƙarfina, kullum da shi nake kwana nake tashi.

Ni tela ce, na ɗan haura hamsin. Shagona gadon mahaifiyata ne, Allah ya jiƙanta, har keken da nake takawa nata ne. A ƙarƙashin teburin yanka akwai buhun da muke tara ragowar ƙyallaye, in ya cika mu cusa matasan kai da su. Haka Inna take yi, haka nake yi.

Al'adata ta ɗauke kusan shekara biyu ke nan. Na sha zafin nan da ke tasowa daga ƙirji zuwa fuska, ina cikin auna mace sai gumi ya jiƙa ni sharkaf. Ga mantuwa, in yi ta neman almakashi yana hannuna. Ga saurin fushi, har maigidana ya sa min suna Gobara. Duk na haƙura, na ce girma ne.

To, watan jiya sai jini ya dawo. Ba da yawa ba, ɗigo-ɗigo, ya ɗauke ya dawo. Na tsegunta wa yayata, ta kwashe da dariya wai ƙuruciya ce ta waiwayo ni, in shirya zanen goyo. Na taya ta dariya, amma ni na taɓa ganin wannan abin.

Ina budurwa ni ke cusa matasan. Sai na lura buhu ya daina cika, masu taushi na auduga su ke fara ɓacewa. Na tambayi Inna, ta ce ɓeraye ne. Ta koma ɗaura baƙin zane. In ta tashi daga keke sai ta waiwaya ta dubi kujera. Ta yi ta ramewa ana ta jiƙe-jiƙe, ba ta taɓa yarda likita ya duba ta ba. Bayan rasuwarta muna kwashe ɗakinta muka ga ɓerayen: kwando guda a ƙarƙashin gado, cike da ƙyallaye a wanke a ninke, da tabon da sabulu ya kasa fitarwa.

Anti, ni ma kunya nake ji in je sayen audugar mata da furfurata, sai na ga hannuna a cikin buhun. Yanzu in na tashi daga keke ina waiwayawa. In na tsaya bayan mace a gaban madubin gwaji, fuskar Inna nake gani a kan kafaɗarta. Shekaranjiya babbar 'yata, wadda muke ɗinkin tare, ta ɗaga buhu ta tambaye ni ina ƙyallayenmu suke zuwa. Wallahi saura kaɗan in ce ɓeraye ne. Na ci gaba da taka keke.

Tsoron asibiti nake ji. Gani nake ranar da aka faɗi sunan ciwon, ranar zan fara tafiya. Ko dai in bar shi yadda Allah ya yi?

Mai keken Inna

'Yar'uwata, Allah ya jiƙan Inna. Na ji tsoronki, ba kuma zan ce ba ki da dalili ba.

Zafin jiki, mantuwa da saurin fushi abokan wannan shekarun ne, kuma ana samun sauƙinsu: tufa mara nauyi ta auduga, ruwan sanyi a kusa da keke, rage shayi da yaji, ɗan tattaki kullum. In sun hana ki sakat, akwai maganin da likita ke bayarwa bayan ya duba ki. Maigida kuma a yi masa bayani, ya sauke miki sunan nan.

Jinin dai maganarsa daban. Yayarki don ta kwantar miki da hankali ta yi wasan, amma ta yi kuskure. Duk jinin da ya zo bayan shekara guda da ɗaukewar al'ada, ko ɗigo ne, sai an duba shi. Sau da yawa dalilinsa ƙarami ne, kamar bushewar gaba ko ɗan tsiro mara illa. Wani lokaci kuma sankarar mahaifa ce, wadda in an kama ta da wuri galibi ana warkewa. Ni ban san wanne ne naki ba, ke ma ba ki sani ba.

Ki je cikin makon nan. Ki nemi likita mace in hakan ya fi miki. Za a duba bakin mahaifa, a yi hoton ciki, wataƙila a ɗebi ɗan samfuri don gwaji. Ki ba ta labarin Inna kaf. Tunda kin je, a duba nono, hawan jini da sukari. Kada ki sha komai don tsayar da jinin kafin nan.

Kin ce sunan ciwo kike tsoro. Ki tuna na Inna ba a taɓa faɗin sunansa ba, bai kuma hana shi ɗauke ta ba. Ita ba ta da wanda za ta tambaya, ke kin tambaya.

'Yarki tana jiran amsa. Gobe in kun buɗe shago ki faɗa mata gaskiyar inda ƙyallayen suke zuwa, ku rufe shagon ta raka ki. Kada ki bar mata kwando a ƙarƙashin gado.

Allah ya sa a ji alheri, ya ba ki lafiya da tsawon rai.

Antinki