Gwate Ya Huce

Yaya Saratu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya yara, yaya ƙafar maigida? Mu nan Kafanchan da sauƙi.

Ni kam na gaji. A kwaleji an sa 'yarki Rahila ta auna yadda intanet ke jawo ciniki, sai ta zaɓi gwaten accan da nake sayarwa. Kullum sai na riƙe kwano tana ɗaukar hoto har ya huce. Jiya direban Zonkwa da ya saba ci a wurina ya gaji da jira, ya koma maƙwabta. Ita kuwa murna take, wai mutanen Legas sun yaba. Na ce, "A cikinsu wa ya ci?"

Ki taya mu addu'a ta gama karatun nan tun ina da sauran masu saye. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Laraba