Tukunyar Inna Nunziya Mai Jan Zare

Zuwa ga Alhaji Sabi'u, Shugaban Ƙungiyar 'Yan Arewa mazauna ɗan garinmu na kan tudu a kudancin Italiya, da sauran 'yan kwamiti.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata Shugaba yana lafiya, da iyali na can da na gida. Yaya sanyi, yaya aikin zaitun? Allah Ya sa a gama lafiya. Ni ne Habibu mai jaka, nake rubutowa daga Tudun Wada, Zariya.

Na san za ka ce me ya hana in kira ka a waya. Na kira, Shugaba. Na bar saƙon murya har na fara jin kunyar muryata, kuma alama ta nuna ka saurara. Shi ya sa na kawo maganar fili, inda 'yan ƙungiya da iyayensu na gida za su gani. Maganar rasuwar Baba Bito ce, da abin da muka yi wa matarsa, Inna Nunziya. Na ce "muka" da gangan, don ina ciki.

Na ɗaya. Saboda mutanen gida da ba su san shi ba: sunansa Vito, bakinmu ne ya mayar da shi Bito. Tsoho ne manomin zaitun, mai yawo a wani tsohon keke mai ƙafa uku, ɗan'uwan namu na Tudun Wada, sai dai nasa na kaya ne. A kasuwar Asabar muka haɗu, ina da tebur na jakunkuna da bel. Na ɗaga masa wani bel, na rantse fata ce tsantsa, na ninka kuɗin. Ya karɓa ya sunsuna, ya ce akuyar da aka feɗe aka yi wannan bel ba ta taɓa cin ciyawa ba. Muka yi dariya har mutane suka waigo. Ya saya a farashin roba, sannan ya tambaye ni ko ina son aikin kaɗe zaitun, tunda ƙarya ba ta karɓe ni ba. Ɗakin da ni da kai muka fara zama, Shugaba, nasa ne. Rumbun da ƙungiya take salla a ciki yau, shi ya kwashe buhunansa ya ba mu.

Matarsa kuwa, da ta fahimci ba ma cin naman alade, ba ta yi dogon bayani ba. Ta sayo sabuwar tukunya, ta ɗaura mata jan zare a hannu, ta gargaɗi kowa a gidan cewa wannan ta yara ce. Mu ne yaran, har da masu furfura.

Na biyu. Mutanen garin suna da al'ada: gidan da aka yi rasuwa ba a hura wuta sai bayan kwana uku. Ba kowa ke kai abinci ba kamar yadda ake yi a nan. Raba ranakun ake yi, kowace rana da gidan da ke ɗauke da ita, kuma sai na jiki ake ba wa, dangi ko aminin da ya zama dangi. Wanda ke da ranar shi zai dafa, ya kawo da kwanukansa, ya zauna a ci da shi. Gari kaf ya san wa aka ba wace rana, don a garin ko atishawa ka yi a dandali sai ta riga ka isa gida.

A jikina na koyi wannan al'ada. Shekarar da mahaifiyata ta rasu a Hanwa, nan Zariya, takarduna ba su fito ba, ban iya zuwa ba. Inna Nunziya ta hau benen ɗakinmu da gwiwarta mai ciwo, ta kashe gas da hannunta, ta zare ashanar ta sa a aljihu. Kwana uku tukunya mai jan zare tana zuwa. Baba Bito ya zauna kusa da ni a kan matakala, hularsa a hannu, ya ƙi tashi. Kana wurin, Shugaba. Ka ci taliyar, har ka nemi ƙari.

Na uku, ga ƙorafin. Da Baba Bito ya cika a farkon watan nan, jikarsu ta kira ni. Nan take na kira ka, na roƙi a dafa abinci a kai. Ka ce kwamiti zai zauna. Kwamiti ya zauna, ya yanke a tura saƙon ta'aziyya ta waya, aka tura, da hoton fure.

Abin da ban sani ba a lokacin, Inna Nunziya ta ware mana rana ta uku. 'Yar ƙanwarta ta nemi ranar, ta hana ta, ta ce ta mutanen Habibu ce. Ta sa aka ƙaro kujeru daga maƙwabta, don ta san muna da yawa. Ta sauko da tukunyar ta wanke, ko za mu buƙace ta. Suka zauna jira, ita da 'ya'yanta da suka zo daga arewacin ƙasar. Har rana ta faɗi ba wanda ya ƙwanƙwasa. Ɗanta ya fita ya sayo burodi da cuku. Matan layin suna barandarsu suna kallo.

Za ka ce ba ta aiko ta faɗa ba. Gaskiya ne. Amma wa ya aika wa Inna Nunziya ranar da ta hau benenmu?

Jikarta ce ta ba ni labarin, sannan ta miƙa mata wayar. Na shirya jin faɗa, da ma faɗan ta yi da na sami sauƙi. Tambayata ta yi ko yara lafiya, ko wani ne ya faɗo daga bishiya a gona, don ta san ba za su ƙi zuwa haka kawai ba. Ni da bakina ya ciyar da ni shekara da shekaru a kasuwannin ƙasa biyu, ƙarya na yi mata. Na ce mata layin waya ba kyau.

Na huɗu, rabona. An kawo mini abin da ka faɗa a zaman kwamiti, cewa ai Habibu da kansa ne yake cewa Bature abokin ciniki ne, ba abokin zama ba. Ba ka yi mini ƙarya ba. Ni nake tarbar kowane sabon zuwa da wannan karatu: yi musu murmushi, karɓi kofinsu, kada ka saki jiki. Ina faɗa ana dariya ana cewa Habibu ya san duniya, ni kuma da yamma in lallaɓa in je in ci abinci a tukunya mai jan zare. Na mori amincin ni kaɗai, na raba wa yara wayon. Samarin da suka zauna a kwamitin nan karatuna suka biya, kuma sun haddace shi da kyau.

Bayan haka, na san ba shi da lafiya lokacin da na taho. Ya rame, bel ɗin robar nan har ya ƙara masa huda. Ya ce in tsaya a gama zaitun tukuna. Ni kuma na ga tikiti mai sauƙi, ga shagon da nake ginawa yana jiran rufi. Na ce masa zan dawo kafin a kai zaitun injin matsa. Ya dafa kafaɗata ya ce wannan ma irin akuyar nan ce. Yau ga shago an rufe da kwano mai kyau, ina zaune a gabansa 'yan acaɓa suna yi mini barka, fasfo yana wurin sabuntawa, ba halin tafiya.

To amma laifina bai wanke na kwamiti ba. Ni ina Zariya. Ku tsakaninku da ƙofarta gangara ɗaya ce.

Na biyar. Na ji wasu sun kawo maganar addini. Ban ce kowa ya shiga coci ba, ban ce a kunna kyandir ba. Duk da haka na je na tambayi malamin unguwarmu bayan azahar, na zayyana masa komai. Ya ce in bar kewaye-kewaye, matar maƙwabciya ce ko ba maƙwabciya ba ce? Na ce maƙwabciya ce. Ya ce to me ake jira?

Ga roƙona. Idan mamaci ya yi wata guda da rasuwa, mutanen garin suna komawa coci, daga nan dangi su taru a gida. Ranar ta kusa, jikarta za ta faɗa maka ita daidai.

Ina roƙo ka je wurin Inna Nunziya da ƙafarka kafin ranar, kai Shugaba, ba aike ba. Ka gaya mata gaskiya: ba wanda ya faɗo daga bishiya. Idan nauyin ya yi maka yawa, ka ce Habibu ne ya koya mana, zan ɗauka.

Ka roƙe ta aron tukunya mai jan zare. A dafa shinkafa da miyar kaza a ciki, a rage barkono, cikinta ba ya so. A bi ta dandali da ita da rana tsaka, ba ta bayan layi ba, matan baranda su gani kamar yadda suka ga wancan. A tafi da kwanuka, a zauna a ci, a wanke kafin a tashi.

Zaitun ɗinsa kuma yana kan bishiya yana zuba. Lahadi ɗaya ta isa idan an fita da yawa. Kada a karɓi ko sisi.

Sai na ƙarshe: duk sabon zuwan da aka tarba daga yau, a daina biya masa karatun Habibu. Mai karatun ya janye.

Allah Ya ƙara wa Shugaba lafiya da nisan kwana, Ya sa albarka a neman da kuke yi, Ya dawo da kowa gida lafiya. Ya ba Inna Nunziya haƙuri. Jiya jikarta ta ce har yanzu ba ta mayar da kujerun maƙwabta ba.

Wassalam.

Habibu mai jaka,
Tudun Wada, Zariya.