Na Bakwai Cikin Maginan Makaranta

Zangon Kumasi,
Litinin, 9 ga Safar.

Zuwa ga Hajiya Mamuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyarki da ta ƙafar nan. Ina fata mai ɗorin Tamale ya san aikinsa, kuma kin daina gardamar taka ta tun bai ba ki izini ba. Ina gaida 'yarmu Zahra da mijinta da yara. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da gwiwar nan tawa da kika sani.

Malam Rafi'u tela ne ke rubuta mini. Ya ajiye ɗinkinsa yana ta mita, wai me ya hana ni kiran ki a waya kamar kowa. Na ce masa Zahra buɗe murya take yi duk tsakar gida a ji, kuma wayar ce ma ta jawo abin da zan gaya miki.

Kin tuna sabon tichan makarantar bayan masallaci, Abdul-Wadud, dogon nan ɗan Accra mai tabarau? Tun bayan korona suka raba karatu biyu, rabi a aji, rabi a gida a wayar iyaye. Shi ne ya haɗa wani wasa a waya don yara su san tarihin unguwa. Kafin azumi ya zo ɗakina ya durƙusa, ya ce ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka gina makarantar, in ba shi labari ya ɗauki muryata. Sau biyu ina korar sa. Na uku ya ce to shi ke nan, zai je wurin Malam Rafi'u. Wannan ne ya sa na yarda, don kin san Malam ba ya iya riƙe shekarun 'ya'yansa ma. (Ya ce ba zai rubuta wannan ba. Na ce ya rubuta.)

Na ba shi labarin fataken shanu da suka sauko daga arewa, da na rijiyar gidan Alhaji Bawah. Sai ya ce in jero masa maginan makaranta. Na yi yadda nake yi kowace shekara a Maulidi. Alhaji Bawah mai shanu da ya ba da fili, Sumana fita, makanikin unguwar Magazin, Imran kafinta, Muhaimin da ƙaninsa Sani na Tafo, sai ni. Da na zo kan na bakwai na yi shiru. Kin san shirun. Shekara arba'in ina yin sa a gaban jama'a: ni in sunkuyar da kai, tunda uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, Alhaji Bawah ya faɗi sunan ɗanmu Babba daga inda yake zaune, jama'a su ce Allah ya jiƙansa, in ci gaba. Da Alhaji ya rasu Malam Rafi'u ya karɓa. To ranar nan ɗakin daga ni sai ticha sai waya. Ba wanda ya cike gurbin. Ni kuwa ban lura ba, wallahi a kunnena na ji an faɗa.

Shi tichan ya ɗauka numfashi nake ja irin na tsofaffi. Ya yanke shirun ya yar.

Hajiya, yanzu duk lungun da na bi sai in ji kaina. Muryata tana fitowa daga hannun yara, a gindin famfo, a wurin mai koko, har cikin trotro, motar haya. Ta jero shida sumul, ta wuce zancen siminti kamar ba a taɓa haifar wani ba. Ranar Alhamis na sa jikarmu Humu ta nuna mini a wayarta. An zana mutum shida a tsaye a ƙasa, ni da gemu kamar na bunsuru. Yaro yana jan bulo da yatsa yana miƙa musu, gini yana tashi. Da an kai sama sai kwanon rufi ya riƙa hawa da kansa, ɗaya bayan ɗaya, ana jin bugun guduma, kuma babu kowa a kan katakon. Babu kowa, Hajiya. Humu tana ta bayani, ni idona yana kusurwar gabas. Ita ba ta san fuskar ubanta Babba ba, tana ciki ya faɗo daga rufin nan, amma ta ga inda nake kallo ta kashe wayar.

Ga kuma Hikma, 'yar Humu, mai shekara tara. A ƙarshen ginin wasan yana tambaya mutum nawa ne suka gina makarantar. Ita bakwai take dannawa, don haka uwarta ta gaya mata. Sai wayar ta yi ja, ta yi kuka kamar kwaɗo, ta mai da ita farko. Mako biyu ke nan. 'Yan ajinsu duk sun wuce, suna can matakin kasuwar shanu, ita tana nan tana ɗaukar bulo. Uwar ta ce ta danna shida kawai ta huta, ta ƙi. Na san za ki ce a wurina ta gado.

Gobe zan je makarantar in ce a goge abin gaba ɗaya. Ki sha maganinki. Ki gaida kowa.

Ni ne mijinki,
Dramani.

*

Zangon Kumasi,
Lahadi, 22 ga Safar.

Zuwa ga Hajiya Mamuna,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, ƙafa kuma tana ƙara sauƙi. Saƙonki ya iso ta bakin Zahra, cewa kada in kuskura in fara kiran sunan, abin da muka riƙe shekara sittin da ɗoriya ba za a sake shi don wasan yara ba. Na ji. Ni ma haka na tafi da shi a raina.

Na sami tichan a aji, yara sun dunƙule huɗu-huɗu kan allon gilashin nan da makaranta ta saya. Da na shiga suka miƙe suna nuna ni, wai ga Baban cikin gem ya fito. Wani ma ya tambaye ni ina gemuna na bunsuru. Na ja tichan waje na gaya masa komai. Hajiya, sai da ya nemi dakali ya zauna. Ya ce ba wanda ya taɓa gaya masa, shi ɗan farinsa yakan kira sunansa sau goma kafin a sha koko. Ya roƙi gafara har ya ba ni kunya. Ya ce goge wasan bai taso ba, yara sun san tarihin Zango a wata biyu fiye da yadda littafi ya koya musu a shekara, gyaran kuwa na minti biyar ne, in faɗi sunan sau ɗaya ya liƙa. Na ce Malam Rafi'u zai faɗa, haka ake yi. Ya ce to. Na dawo gida ina ganin magana ta mutu.

Ashe akwai abin da Humu ta ɓoye mini. Yara sun sa Hikma a gaba. Suna ce mata in da gaske kakanta ya gina makaranta, me ya sa ubansa da bakinsa ya tsallake shi? Wasu suka ce ɓarawon kwano ne aka kama. Wata ta ce ai tsine masa na yi. Yanzu Bakwai suke kiran ta, in ta wuce su yi mata kukan kwaɗo. Humu ta ce in aka liƙa muryar wani a tsakiyar tawa, cewa za su yi Hikma ta yi kuka ne aka lallashe ta da faci. Malam Rafi'u ya ce shi ai facinsa ba a gane shi. Ba wanda ya yi dariya.

Shekaranjiya bayan la'asar yarinyar ta zo da kanta. Ba ta shigo ba, ta tsaya a bakin labule da jakarta a baya. Ta tambaye ni laifin me kakanta ya yi mini. Na ce ba laifi, kunya ce. Ta ce kunyar me, ya yi abin kunya ne? Na ce a'a, irin kunyar da take ta ƙauna. Ta dube ni kamar ina Turancin da ba a koya musu ba. Ta ce ita duk wanda take so ta san sunansa kuma tana faɗa. Ta juya ta tafi. Tun ranar ba ta ƙara zuwa karɓar alawarta ba.

Yanzu zan gaya miki abin da ban taɓa gaya miki ba. Na ce Malam ya rubuta kada ya ɗaga kai.

Ranar da abin ya faru su uku ne a sama, Imran da Sani da Babba. Ni ina ƙasa ina miƙa kwano. An yi yayyafi da safe. Na ɗaga kai na ga yana ja da baya a durƙushe yana buga ƙusa, katakon da zai taka a bayansa kuwa ya tsage, ni daga ƙasa ina ganin hasken rana ta cikin tsagar. Akwai lokaci, Hajiya. Ba mai yawa ba, amma akwai. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne kai, kai yaro. Imran ya juyo. Sani ya juyo. Shi yana bugun guduma, ya ɗauka da wani nake.

Na gaya miki ƙafarsa ce ta zame. Haka na gaya wa kowa. Imran da Sani sun tafi kabari ba su ce komai ba. Liman na wancan lokaci ya ce mini ajali ne, kuma na yarda ajali ne, ban taɓa jayayya da Ubangiji ba. Amma da an ce mutum ya ji sunansa a bakin ubansa karon farko a duniya, ba zai juyo ba? Shekara arba'in in na yi shirun nan a Maulidi mutane suna cewa Dramani dattijo ne, ya riƙe al'ada. Ni kuwa a cikin shirun tsaye nake a gindin bangon gabas da kwano a hannu.

Yanzu bugun gudumar yana bi na har alwala. Yaran maƙwabta suna wasan a bayan tagata da rana tsaka, in ji kaina na jero shida, in ji guduma ta fara.

Ba zan yi komai ba sai na ji daga gare ki. Ke kika haife shi. In kin ce in bari, zan bari, Hikma ta yi haƙuri da mu. In kuma kin ga ba za ki iya duban fuskata ba bayan wannan takarda, ki zauna wurin Zahra har ranki ya sauka, ba zan ce komai ba.

Allah ya ba ki lafiya.

Mijinki,
Dramani.

*

Zangon Kumasi,
Laraba, 3 ga Rabi'ul Awwal.

Zuwa ga Hajiya,

Assalamu alaikum. Na ji an kwance ɗori kin fara takawa da sanda, alhamdu lillahi. Ina gaida Zahra, ina yi mata godiya. Ta ce rana ta huɗu da karanta miki takardata kika ce ta gaya mini in zan faɗa, in faɗa da ƙarfi. Na karɓa.

Ranar Litinin na je. Na ce ba a ɗakina ba, a makarantar, kuma a kira Hikma ta zauna. Tichan ya ajiye wayar a kan benci ya ce in na shirya. Na jero shidan lafiya. Na zo wurin, baki ya ƙi. Na sake daga farko, ya sake ƙi, harshena kamar na wani. Hikma tana wasa da igiyar takalminta, ba ta ko kallo na. Sai iska ta taso, kwano ɗaya ya motsa a samanmu. Na ɗaga kai.

Zahra, in kin zo nan ki karanta mata, kada ki tsallake.

Khalidu.

Ba faɗa na yi ba, Hajiya, kira na yi. Har ajin da ke kusa suka yi tsit, mai wanki ta leƙo ta katanga. Tichan ya bari na sha ruwa, sannan ya ce a hankali ko za mu sake ɗauka cikin natsuwa, don wannan ya yi ƙarfi paa, zai firgita ƙananan. Na ce ba ni da wani. Wanda nake da shi ke nan, na shekara arba'in ne, in ya ga dama ya sa. Ya sa.

Ya kuma zana mutum a kan rufin, ya maimaita kiran a daidai bugun guduma. Ya tambaye ni kamanninsa, na ce ya dubi goshin Hikma. Jiya ta danna bakwai wayar ta yi kore, ta wuce kasuwar shanu. Sai ta shigo ta buɗe gwangwanin alawa da kanta ta ɗauki biyu. Humu kuwa ta shige ɗaki da wayar, ina jin ta tana maimaita wurin.

Abin da ya sa na matsa wa Malam ya rubuta yau shi ne in gargaɗe ki. Zahra ta ce ranar Asabar za ku taso don Maulidi. Ki shirya zuciyarki tun daga mota. Yaran unguwar nan duka sun koma farkon wasan don su ji ihun Baba. Daga bakin titi har ƙofar gida za ki ji ina kiran sa, a gindin famfo, a shagon aski, a bayan tagarmu. Na ɗauka in na faɗa zan huta. Ban huta ba, sai dai ba irin na da ba ne. Yau da hantsi ina dawowa daga jana'iza a Tafo, na zo daidai bangon gabas, sai na ji muryata ta kira shi daga hannun wata yarinya. Gudumar cikin wayar ta tsaya, haka tichan ya shirya, kafin tambayar wasan ta fito. Na tsaya a rana na ɗaga kai ina jira ya juyo, har wani mai taksi ya yi mini ham.

Ki zo da sandarki, hanyar masallaci ta yi santsi. Zan tarye ku a tasha.

Wassalam. Ni ne mijinki,
Dramani.