Kaskon Mai da Hanyar Gombi

Laraba, 29 ga Oktoba, 2014
Mubi ta faɗi hannun 'yan ta'adda. Wayar yayata Adda Zulaihatu da ke can ba ta shiga.

Alhamis, 30 ga Oktoba
Ta kira da wayar wani. Da ƙafa suka fito, ita da yara biyu, suna wani ƙauye kusa da Gombi. Mijinta, ba ta san inda yake ba. "Haladu, ka zo," shi ke nan sai layi ya yanke.

Ga a-kori-kurata, amma wata biyu ke nan tana ɗigar da baƙin mai. Fakin ɗin da ke tsakanin inji da kaskon mai ya mutu. Daga Njuwa zuwa kasuwar Jimeta da alayyafo ina lallaɓa ta, in ƙara mai in wuce. Gombi ba Njuwa ba ce. In inji ya buga a daji da su a baya, na kashe su da hannuna. Tsoro nake ji, gaskiya.

Juma'a, 31 ga Oktoba
Na je garejin Bappa Hamajoɗa a Nassarawo. Tsoho ne, komai nasa sai ka ce hawainiya. Wai in an shafa gam an ɗaura, sai mota ta kwana kafin a zuba mai. Kwana! Na ce masa mutane na mutuwa shi yana zancen gam. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba.

Na sayi fakin, na shige ƙarƙashinta da kaina a ƙofar gida. Ban tsaya kankare tsohon gam ba. Na ɗaure notuna iya ƙarfina, har da sa wa sifana bututu. Na zuba mai, na tashi bayan sallar Juma'a.

Ban kai Girei ba jar fitila ta kama. Na leƙa, mai kamar an buɗe famfo. Janyo ni aka yi zuwa gida. 

Asabar, 1 ga Nuwamba
Na koma wurin Bappa da kunya. Bai tuna mini jiya ba, ya biyo ni gida wurin motar. Ya ciro kaskon, ya ɗora a kan gilashi, ya nuna mini yadda leɓensa ya lanƙwashe a ramin kowane noti. Ƙarfina ne ya yi haka. Fakin ɗin ma ya tsage gida biyu.

Ya daddale leɓen da ƙaramar guduma. Ya ba ni reza ya ce in kankare fuskar injin har sai ta yi fes. Sannan sabon fakin, gam kaɗan, notuna kuma ɗaya nan ɗaya can a gicciye, daga tsakiya, zagaye uku, da yatsu biyu a kan sifana.

"Ɗana, motan nan ba ya son faɗa. Munyal, haƙuri. Gobe da hantsi ka zuba mai."

Gari cike da masu gudu, kowa da labarinsa. Ana cewa 'yan ta'addan sun nufo Hong. Na kira lambar nan sau goma sha ɗaya. Galan ɗin mai na gabana, sau biyu ina buɗe murfin ina mayarwa.

Lahadi, 2 ga Nuwamba
Na zuba. Bappa ya shimfiɗa kwali a ƙasa, muka bar ta tana aiki rabin awa. Ko ɗigo.

Na kama hanyar Gombi, kowane shingen sojoji sai na sauka na leƙa ƙarƙashin motar. Wani soja har ya tsawata mini.

Litinin, 3 ga Nuwamba
Suna gida. Su uku, da wasu mutum goma sha huɗu da ban sani ba, har da wata Keturah mai tsohon ciki. Ƙafafun Adda sun farfashe. Labarin mijinta shiru.

Laraba, 5 ga Nuwamba
Adda ba ta magana. Matata Mairo ta ce in tambaye ta inda suka rabu da mijinta, ko a san ta inda za a fara nema. Na je da niyyar tambaya. Na zauna a gefen tabarmarta daga la'asar har aka kira magariba, ban ce uffan ba. Da zan tashi ta riƙe bakin rigata, sai na koma na zauna. Za ta faɗa in ta shirya.

Na kai wa Bappa damin alayyafo. Na ce masa ya yi mini yawa ne kawai.