Wanda Ya Mayar da Duwatsun

Yaya Malachy,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ka koma birnin Galway lafiya. Baba lafiyarsa ƙalau. Sai dai jar saniyarmu ta faɗa teku daga kan dutse ran Talata. Aikin baƙin nan ne masu yawon ɗaukar hoto, su suka buɗe mata katanga. Kada ka tayar da hankalinka.

Ƙanwarka,
Dervla

Dervla,

Ina gaishe ki, Allah ya mayar da alheri. Amma maganarki ba ta zauna mini ba. Gonakinmu ba su da ƙofa, katangar jerin duwatsu ce kawai. Mai wucewa sauke duwatsu yake yi, ya wuce, ya mayar. Baƙo ina ya san wannan? Tsallakewa yake yi. Maƙwabcinmu Colm ya ce katangar a gine ya same ta, saniyar tana ta ɓangaren teku. Wani ya kora ta can, ya rufe, da jerin dutse irin na Baba. Kuma da na zo, sau biyu Baba ya kira ni da sunan ƙaninsa da ya rasu. Me kike ɓoye mini? Akwai gurbi a gidan kula da tsofaffi a nan.

Yayanki,
Malachy

Malachy,

Gaisuwa. Kwana uku ka yi mana, biyu a ciki kana yawon bakin teku da takalmin 'yan birni, shi ne har ka zama alƙali? Colm kuwa ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan gonar nan, kai ma ban san me kuka ƙulla ba. Shekara tamanin Baba yana kwana da ƙarar teku. Ka kai shi inda taga ke kallon wurin ajiye motoci, wata guda ba zai yi ba. Ni nake wanke shi, ni na san shi.

Ka huta lafiya,
Dervla

Yaya,

Ina gaisuwa. Kada ka amsa waccan wasiƙar. Yau da safe na tarar da Baba a ɓangaren teku, taku uku tsakaninsa da bakin dutse, ya gine katangar a bayansa tsaf. Na kama hannunsa, ya ce, "Sannu yarinya, 'yar gidan wa ce ke?"

Na ji tsoro, Yaya. Tun bara na san Baba ya fara ruɗewa.

Ka zo da mota ran Asabar. Amma ni zan faɗa masa, ba kai ba.

Ƙanwarka,
Dervla